Ɗan Kurciya da Kumfar Omo

Shekarun baya da daɗewa, lokacin soja ba su jima da miƙa mulki ga farar hula ba, aure ya kai ni Legas. Maigidana mahauci ne a mayanka, ya kama mana ɗaki ɗaya a Agege, irin gidajen nan masu dogon lungu a tsakiya, ƙofarka na kallon ƙofar maƙwabcinka. Ni kuwa daga garinmu aka ɗauko ni, Yarbanci ko zo in kashe ki ban sani ba. Da sassafe zai fita, sai la'asar sakaliya ya dawo, in wuni daga ni sai rediyo. Wayar hannu ba ta shigo ba tukuna. In kewar mahaifiyata ta ishe ni, sai in danna kaset in yi ta surutu har da kuka, a ba direbobin tirelar shanu su kai mata.

Mai gidan wata tsohuwar Bayarabiya ce, kowa Iya yake ce mata. Murya gare ta, ko gaisuwa take yi sai ka rantse faɗa ne. Ban taɓa gane ko kalma ɗaya daga bakinta ba, don haka na yanke hukuncin ba ta ƙaunata. Da na ji takun silifas ɗinta sai in faɗa ɗaki in saki labule.

Wata rana da hantsi, ruwan sama ya ɗauke, na fita madafa zan dama koko, sai na ga wani abu yana motsi a bakin kwata. Ɗan kurciya ne. Allah Ya yafe mini, ban taɓa ganin halitta mai muni irinsa ba: ƙaton baki, tumbi a waje, 'yan gashi rawaya tsilli-tsilli. Na ɗaga kai na hango sheƙarsu a kan katakon da ya riƙe kwano, 'yan tsinkaye ne kawai aka jera. Can gefe kuma kyanwar gidan ta lafe, ta zuba masa ido. Ban yi wani tunani ba na sunkuya na ɗauke shi.

Sai da na ji ɗuminsa a tafina gabana ya faɗi. Tun muna yara mahaifiyata take faɗa mana cewa in mutum ya taɓa ɗan tsuntsu, uwarsa za ta ji warin hannu ta ƙi shi. Ke nan na ƙwace shi daga bakin kyanwa, na kuma mai da shi maraya da hannuna. Na ce to, tunda ni na ja, ni zan raine shi. Na ɗiga masa koko, ya kau da kai. Na jiƙa burodin Agege, wanda garin nan kaf ake tinƙaho da shi, ya yi mini kallon raini. Jikinsa sai ƙara sanyi yake yi, ni kuma ido ya fara kawo ruwa.

Ina cikin haka na ji takun silifas a bayana, ba damar gudu. Iya ta leƙa tafina, ta ɗora hannu a ka.

"Ah! Omo ni o! Omo! Da a pada fun iya e!"

Jama'a, karon farko ke nan a rayuwata da na tsinci wani abu a maganar matar nan. Kalma biyu na ji da kunnena, kuma duk Hausa ne: omo da iya. Omo dai garin wanki ne, kowa ya sani. Iya kuwa uwa ce. Nan take kaina ya haɗa zancen: tsohuwa mai hikima tana nufin in wanke shi da omo, warin hannuna ya fita, uwarsa ta karɓe shi. Don kada in yi kuskure ma sai da na tabbatar. Na nuna ɗan tsuntsun na ce, "Omo?"

"Beeni, omo!" in ji ta, tana gyaɗa kai.

Na nuna sheƙar. "Iya?"

"Beeni! Oya, oya!"

Daɗi ya kama ni, yau ni ce nake hira da Bayarabiya ba tafinta. Ta juya ta tafi, ashe benci za ta jawo mini. Ni kuma na ruga ɗaki na ɗauko roba, na sirka ruwan ɗumi don kada mura ta kama shi, na zazzaga omo ban yi rowa ba, na kaɗa har kumfa ta cika robar. Na yi bismillah, na kama shi ta fiffike.

Ihun da Iya ta kurma, ina jin har masu okada a bakin titi sun ji shi. Ta yar da benci ta damƙe wuyan hannuna, tana ta "Egba mi o! Egba mi!" Ni kuma ina ta nuna mata kumfa ina cewa, "Omo, Iya, omo!" Na ɗauka ta raina yawansa ne, har na miƙa ɗaya hannun zan ƙara.

Ihun ne ya fito da maƙwabciyata, wadda nake kira Yaya. Bahaushiya ce, amma haifaffiyar Agege, kakanta soja ne tun zamanin Turawa, in tana magana yare uku take damawa wuri ɗaya.

"Ah-ah, Amarya, wetin happen? Wanka za ki yi wa tsuntsu?"

Na ce, "Yaya, Iya ce ta ce in wanke shi da omo."

Ta juya ta tambayi Iya da Yarbanci. Iya ta amsa. Sai na ga Yaya ta sulale ta zauna daɓas a ƙasa mai laima, ta riƙe ciki. Da ƙyar ta iya magana.

"Wayyo Allah, Amarya, kin kashe ni! Omo a bakinsu ɗa ne. Yaro, pikin! Cewa ta yi jariri ne, ki mayar wa uwarsa."

Da ta fassara wa Iya abin da na fahimta, tsohuwar ta tsaya tana kallona, ta kalli kumfa, sannan ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame. Ni dai na rasa inda zan sa kaina. Amma duk da kunyar, abin da ke ci mini rai bai tafi ba. Na ce, "To Yaya, na riga na taɓa shi. Uwar ba za ta ji wari ta ƙi shi ba?"

Iya ta amsa da tsawo, Yaya tana juya mini. Iya ta ce ta yi kiwon tattabaru tun tana budurwa, ba ta taɓa ganin wadda ta yar da ɗanta don an taɓa shi ba. Wanda gashinsa bai gama fitowa ba a mayar da shi sheƙa, kada a ba shi ruwa ko koko don shaƙe shi zai yi. Da a ce ya yi gashi yana tsalle, da sai a kore masa kyanwa kawai a bar shi, koyon tashi yake yi.

Aka kife turmi a kan benci, ni kuma aka ɗora ni a kai. Iya ta riƙe ƙafafuna gam, Yaya tana korar kyanwa tana ci gaba da dariya. Na ajiye shi kusa da ɗan'uwansa, na sauko, muka koma bakin lungu muka yi tsit. An daɗe ba abin da ya zo. Har na fara cewa a raina mahaifiyata ce mai gaskiya, sai ga kurciyar ta sauka a kan kwano. Ta leƙa nan, ta leƙa can, ta shige. Ɗan mummunan nan ya cusa baki cikin bakinta yana karkarwa.

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba, kuma ba na tsuntsu ba ne kaɗai. Iya ta dube ni, ta tambayi Yaya wani abu, na ji Yaya ta ambaci sunan garinmu tana nuna nesa da hannu. Sai tsohuwar ta dafa ƙirjina ta ce, "Omo." Ta dafa nata ta ce, "Iya." Wannan karon ban nemi tafinta ba.

Daga ranar sunana ya koma Amarya Mai Omo a layinmu, har na haifi 'ya'yana ba a daina ba. A bakin Iya na koyi Yarbancin da nake cika baki da shi yau, ita ta yi mini wankan jego na fari, kuma sai a lokacin na gane yawancin abin da nake ɗauka faɗa ne, tambayata take yi ko na ci abinci.

In kun tsinci ɗan tsuntsu dai, ku duba sama ku nemi sheƙarsa, ku bar koko da sabulu a inda suke. Iya ta daɗe da rasuwa. Har yau in na shiga shago na ce a ba ni omo, sai na yi murmushi ni kaɗai, wani lokacin kuma mai shago ya tambaye ni ko lafiya idona ya yi ja.