Ƙafar Hagun Kawu Aristeu

A garinmu, can cikin ƙauyukan Bahia, ko kai ɗan Kada ne ko ɗan Mujiya. Jam'iyyu suna canza suna duk zaɓe, amma Kada da Mujiya suna nan. Kowane ɓangare da kantin maganinsa, har makoki sai an tambayi wa ya mutu kafin a je. Wuri ɗaya ne kowa ke shiga ya miƙa wuyansa: shagon askin Kawu Aristeu, yayan mahaifiyata. Ni Gilvan, ɗan acaba ne, na bar makaranta daidai lokacin da ita ma ta gaji da ni, kuma rabin rayuwata a bencin shagon nan na yi ta.

Abin da ya ba Kawu wannan daraja ƙafarsa ce ta hagu. Tun yana saurayi yake zagin dokar da ta ce daga shekara goma sha takwas zuwa saba'in dole mutum ya jefa ƙuri'a. Ranar zaɓe, ƙofar makarantar firamare kan cika da santinyo, 'yan katunan nan masu hoton ɗan takara da lambarsa, waɗanda ake watsawa a ƙasa don waɗanda suka zo ba su san wa za su zaɓa ba. A wurinmu lambar ɗan takara ake dannawa a na'urar zaɓe. Sai Kawu ya tsaya, ya rufe ido, ya taka. Katin da ƙafar hagu ta danne, shi zai ɗauka ya shiga da shi.

"Gwamnati ta ce dole ƙafata ta zo," in ji shi, "to ƙafar ce za ta zaɓa. Ni ban da hannu."

Malam Jurandir, malamin makaranta ɗan Mujiya, ba ya ƙyale shi. Ko kumfa ta rufe masa baki sai ya yi magana.

"Baba Aristeu, in aka cire dole, wa zai fito? Sai wanda aka biya."

"Yanzu fa, Malam? Wanda aka biya ya fito, wanda aka tsorata ya fito, sai ku haɗa ku ce jama'a sun yi magana. Ɗaga haɓarka. Ranar da na cika saba'in, na'urar nan ba za ta ƙara ganin yatsana ba."

Ni dai tun da daɗewa wani abu ke min kai-kawo. Tarar ƙin zuwa ba ta kai kuɗin aski ɗaya ba. Kawu ba ya neman fasfo, ba ya neman aikin gwamnati. Mutumin da ya tsani abu haka, me ya hana shi biya ya yi kwanciyarsa?

Bana ya cika saba'in, doka ta sake shi. Ana saura 'yan kwanaki zaɓen ciyaman, sai ga farar rigarsa an goge an rataye a bayan madubi. Ya kuma ce min, a gaban mutane, in zo in ɗauke shi ranar Lahadi.

Edvaldo mahauci, wanda ko karensa ɗan Kada ne, ya dubi sabuwar kujerar da Kawu ya saya da damina, ya shafa ta kamar yana taya saniya.

"Kyakkyawa ce, tsoho. Wace mujiya ce ta yi maka ƙwanta?"

"Uwarka ce ta bar min gado. Zauna."

Edvaldo bai zauna ba, ya fice da gemunsa. 'Yan Mujiya kuma suka tuna an taɓa ganin motar ɗan takarar Kada a ƙofar gidan Kawu. Kafin Asabar benci ya koma ni kaɗai da ƙuda. Matar Kawu, Inna Creuza, ta ajiye masa kofi da dambun masara ta ce, "Ka zauna a gida mana, Aristeu. In suka ce kana da ɓangare, kan wa za ka aske? Nawa?" Ya ɗauki kofin ya kurɓa.

Ranar Lahadi na ɗauko shi. A hanya na ce, "Kawu, gaya min nawa aka ba ka, in san kasona." Ya ce in kalli hanya, ɗan banza.

Ƙofar makaranta ta cika, kuma ba layi ya tara su ba. Kowa ya san lissafin: in ya wuce bai sunkuya ba, da zaɓinsa ya zo, rabin gari sun bar shi ke nan, sauran rabin ma ba su san ko nasu ne ba. Kawu ya sauka, ya gyara riga, ya tsaya a tsakiyar katunan. Ya daɗe, har Edvaldo ya fara murmushi. Sai ya rufe ido, ya taka, ya sunkuya da ƙyar gwiwa na ƙara, ya ɗauko kati.

"Na gaya muku!" in ji Malam Jurandir. "Sabo ne kawai. Kun ga amfanin dole? Ta koya wa ƙafa hanya."

Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don ina kusa. Bai kalli katin ba, aljihu ya tura shi. Kuma tabaraunsa, wanda in babu shi Kawu ba ya bambance uku da takwas a kan takarda, a gida ya bar shi kan tebur, da idona na gani. Ya shiga ya fito kafin in juya babur. Mai kwafar lamba ba ya wannan saurin. A kansa take.

Litinin benci ya cika. Edvaldo ne farko a sabuwar kujera, yana yaba laushinta. Da suka watse na zauna, Kawu ya shafa min kumfa.

"Kawu, sauran shekarun can ma, da tabarau kake shiga?"

Ya dube ni ta madubi. Ya ɗora aska a maƙogwarona a hankali, sanyinta ya ratsa ni.

"Me ka ce, Gilvan?"

Na ce a rage min gefe kaɗan.