Na Je Jidda a Rage Mini Tumbi

Ana idar da sallar asuba muka bar Madina, ni da mai ɗakina, a motar haya. Direba ya dube ni sama da ƙasa, ya ce kujerar gaba tawa ce ni kaɗai, amma kuɗin mutum biyu zan biya. Ban yi musu ba, gaskiyarsa ce.

Ni tela ne. Zaman keke ya sa tumbina ya yi ta sauka har sujada ta gagare ni, sai a zaune nake salla, cibiyata kuma ta kumbura. Likitanmu ya tura ni asibitin gwamnati na Jidda, inda wani likitan fiɗa zai gyara cibiyar, ya yanke kitsen da ya rataya, kuma kyauta. Sharaɗinsa shi ne in rage nauyi tukuna, sukarin jinina ya sauka. Tun bayan aikin Hajji mai ɗakina ta tsare ni da romo da ganye, har da hannuna na rage wa wanduna ƙugu.

Daga Badar hanya ta bar duwatsu ta nufi teku. A Mastura aka tsaya cin soyayyen kifi da jar shinkafa. Fasinjoji suka hau gadajen igiya suna lashe yatsu, ni na sha shayi ba sukari ina kallon tituna. Allon sunan garin Rabig kuwa ni na karanta shi da kaina, ko da yake sai da muka wuce shi na gama haɗa baƙaƙen.

Jidda ta tarbe mu da gumi mai danƙo da manyan motocin siminti. Ko'ina gini ake yi, komai ya fi na Madina tsada. Muka sauka a unguwar Nuzla, gidan Kawu, ƙanin mahaifiyata, cikin wani lungu da jakin mai ruwa da kyar yake wucewa. Washegari a asibiti aka ce likitan ya cika da aiki, mu dawo bayan Juma'a biyu. Mai ɗakina ta ce mu koma gida mu jira. Na tuna wahalar hanya, na ce mu zauna.

A Nuzla baƙo ba na gida ɗaya ba ne. Kowane dangi sai ya kira ka azuma, wato walimar baƙo, kuma maza daban suke ci, mata daban. Mai tsarona tana can ciki, ni ina nan gaban tire. Ranar farko Kawu ya yagi kitsen rago da hannunsa ya ajiye a gabana.

Na ce, “Kawu, likita ya hana.”

Ya ce, “Likita ne ya goya ka ko yayata? Wallahil azim sai ka ci. Ko so kake in yi kaffara da furfurata?”

Na ci don kada rantsuwarsa ta faɗi. Da na ci na Kawu kuwa, babu bakin ƙin na sauran, don sai a ce na raina gidansu. Da safe ma'asub, ayaba da burodi an kwaɓa da man shanu da zuma. Da rana kabsa, dafa-dukan shinkafa da nama, da yamma tuwo miyar kuka, a ce in tuna gida. Kowa da rantsuwarsa. Ba zan ɓoye ba, bayan kwana kaɗan ba sai an rantse ba.

Ranar da aka sa mana, na hau ma'auni, aka ɗebi jini. Likitan ya daɗe yana duban sakamakon. Bai yi faɗa ba. Ya ce da Larabci, “Ya Hajji, in na sa wuƙa a cikin nan yanzu, ciwon ba zai haɗe ba.” Na roƙe shi ya ƙara mini wata biyu. Ya ce aikinsa a ƙasar ya ƙare, ƙarshen wata zai koma garinsu, kuma bai san ko wanda zai maye gurbinsa yana irin wannan fiɗar ba.

Kawu yana jira a bakin ƙofa. Da ya ji, ya dafa kafaɗata ya ce, “Halas, Allah bai nufa ba. Yalla mu je, an dafa saliƙ, shinkafar nan mai madara da nama.”

A hanyar komowa da muka hango fitilun Madina, sai mai ɗakina ta juyo ta dube ni. Ta ce, “Malam, da ka bar shi ya yi kaffarar. Azumin kwana uku ba zai kashe Kawu ba, shi ma ga nasa tumbin.”

Mun iso lafiya, na koma kan romo da ganye, ban kuma san ranar da za a sake kirana ba, in ma za a kira. Abin da na koya shi ne, babu wanda ya cuce ni a Nuzla, ƙauna suka nuna mini, ni ne na ji kunyar mutane fiye da tausayin jikina. In Allah ya sa aka sake ba ni rana, a masaukin baƙi kusa da asibiti zan kwana, Kawu ya ji labarin zuwana bayan an cire zare.