Ranar da aka taro Alhaji

Shekarun baya kaɗan, ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a ƙasar Rogo, shugabar makaranta ta ɗora min aikin ba ɗalibai shawara. Dalilinta wai ni ce mai sanyin hali. Ba ta san sanyin nan na dole ba ne. Mu ma gudun hijira ya kawo mu daga wani ƙauye na bakin iyakar Katsina, bayan 'yan bindiga sun shigo a kan babura da rana tsaka sun kashe mahaifina a gonar gyaɗa. Ban taɓa faɗa wa kowa a makarantar ba.

A cikin yaran da ake turo min akwai wata 'yar aji uku, ita ma haka aka tarwatsa garinsu, tana zaune gidan kawunta a Fulatan. Ana cikin darasi sai ta zabura ta fice da gudu. Kawun ya gaji da kiran da ake masa, ya ce in aka kai ƙarshen zango ba ta natsu ba, zai cire ta ta zauna a gida.

Kullum in zaunar da ita in yi ta zuba. "Ki yi haƙuri, ki yi tawakkali, abin ya wuce." Ita kuwa kanta a ƙasa, amsarta ɗaya: "To, Malama." Har haushinta na fara ji, Allah Ya yafe min.

Wata Talata da hantsi muna ofis ni da ita, sai ƙarar babura ta taso daga bakin titi, sun fi ashirin, ana ta murza su. Ban san lokacin da na bar kujera ba. Da hankalina ya dawo, ga ni a ƙarƙashin tebur, takalmi ƙafa ɗaya. Yarinyar na gefena, kuma ita ce ta riƙe min hannu. Ashe wani Alhaji ne ya dawo daga Makka, 'yan acaɓa suka taro shi.

Ta kalle ni, ta ce, "Malama, ke ma?"

Kunya ta rufe ni, amma na ce mata e. A ƙarƙashin teburin nan na ba ta labarin mahaifina, ta ba ni na yayanta da aka kashe. Muka yi kuka har aka buga ƙararrawar tara.

Ba ta warke nan take ba. Sai dai in ta fice daga aji, ofishina take nufa, ta zauna kaɗan ta koma. Ƙarshen zango kawun ya zo, ya ce, "Malama, kun yi ƙoƙari, amma gara ta huta." Ina neman abin faɗa yarinyar ta riga ni.

"Kawu, in na tafi wa zai zauna da Malama in babura sun wuce?"

Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya gyara hularsa ya ce to, ta ƙara zango ɗaya. Da zango ɗaya-ɗayan nan ta gama makaranta.

Har gobe ƙarar babura da yawa tana tsinka min zuciya, ban kuma ɓoye wa ɗalibaina ba. Yaron da ya ga abin da muka gani, na daina ce masa abin ya wuce, don ni ma bai wuce min ba.