Muryar Abdulgani a Lasifika

Duk wanda ya zauna Agege ya san muryar Abdulgani kafin ya san fuskarsa. Mahauci ne ɗan mahauci, a nan aka yanke masa cibiya. In yana ciniki a mayanka, na bakin titin jirgi ma sai ya ji farashi. Matarsa Iyatu kan ce in zai gaya mata sirri sai ta fara rufe taga. Ga Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, shi ya sa duk wanda 'yan sanda suka kama a cikinmu, shi ake nema ya je ya sa baki.

Kamun kuwa ba ya ƙarewa, saboda wuƙa. Mahauci ba ya barin wuƙarsa a mayanka, ƙafa za ta yi. Sai ya naɗe ta a buhu ya hau danfo, motar hayar gari, a tare motar a bincika, shi ke nan ya zama ɗan fashi.

Sai aka ce an zo da sabon tsari, ɗan sanda da jama'a za su riƙa aiki tare. Aka kawo sabon ogan 'yan sanda mai fara'a, har masallaci ya zo ya tuɓe takalmi. Aka kafa kwamiti, aka ba Abdulgani riga mai ƙyalli. Na tsokane shi na ce saura bindiga, amma wallahi raina ya yi fari.

Shi ya kai maganar wuƙa gaban oga. Oga ya ce abu mai sauƙi: mahauta su kawo wuƙaƙensu a gani, a ɗauki hoton kowa, a tura masa shaidar sana'a ta waya, daga nan babu mai taɓa shi. Aka naɗi muryar Abdulgani don motar ofis ta riƙa zagaye da ita a lasifika. Saƙon da aka ba shi ya fassara gajere ne, amma ya san mutanensa ba sa amsa kiran hukuma sai sun ji wanda ya tsaya musu. Sai ya ƙara nasa a ƙarshe: "Ni ne Abdulgani ɗan Balarabe. Ku zo, kuna cikin amanata."

Suka zo kuwa. Sun wanke wuƙaƙe sun wasa, wasu har da kayan Juma'a. Almu, wani ɗan ci-rani daga ƙauyen Gumel, ya haɗo da na abokin kwanansa da ke fama da zazzaɓi, don kada a bar shi a baya.

Ashe an yi wa oga canjin wurin aiki a makon. Wanda suka tarar bai san zancen wata shaida ba. Abin da ya sani, an yi sare-sare a wata tasha, kuma na sama suna son ganin aiki. Ya ce su zube wuƙaƙen a ƙasa su tsuguna a bayansu. Abdulgani da bakinsa ya fassara musu, yana cewa hoton ne. Hoton ne kuwa. Kafin la'asar yana yawo a wayoyi, wai an cafke gungun 'yan sara-suka da makamansu.

Aka kulle su duka. Abdulgani ya yi zarya a ofishin har takalminsa ya tsinke. Aka saki yawancinsu. Almu kuwa, da yake wuƙaƙensa sun fi na kowa yawa, shi aka kira shugaba, yana can tsare ana jiran shari'a. Tsohon oga ya daina ɗaga waya. Har yau in na tuna yadda ya tuɓe takalmin nan a masallaci, sai zuciyata ta tafasa.

Abdulgani ya mayar wa 'yan sanda rigarsu, ya roƙi a goge muryar. Aka ce ai ta zama kayan ofis. Tun daga nan maganarsa ta koma ƙasa-ƙasa, sai Iyatu ta ce ya maimaita.

Makon jiya ina tsaye a teburinsa motar ta wuce, muryar ta cika layi kamar dā. Wani baƙo da ya sauko daga tirelar shanu, buhunsa a hammata, ya saurara har ƙarshe, ya juyo ya ce, "Baba, wannan Abdulganin, mutum ne mai amana?"

Abdulgani bai ɗago daga naman da yake yanka ba. Ya ce, "Ban san shi ba. Kada ka je."