Hannun Mai Gyaran Agogo

Shekara ashirin da uku mai gyaran agogo ya yi a teburinsa na bakin kasuwa, tabarau a ido, ɗan hantsaki a hannu. Yana da ciwon da kan ɗaga shi sama ya yi ta zumuɗi, sannan ya kada shi cikin baƙin ciki. Da likita ya ɗora shi a kan magani, gidansa ya samu kwanciyar hankali, amma hannunsa ya fara rawa. Ƙusar agogo kuwa ko ƙwayar shinkafa ba ta kai ba.

Kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Kullum matarsa ta miƙo masa maganin, sai ya faki idonta ya jefa cikin gwangwanin matattun batura.

Bayan wata uku ciwon ya dawo. A kwana biyu ya wargaza agogunan mutane goma sha tara, wai zai haɗa wanda ba ya tsayawa.

"Haba malam," in ji likita, "da ka faɗa min, ai da mun auna jininka mun daidaita maka maganin."

Aka daidaita, rawar ta lafa. Yana nan a teburinsa har yau, hannu tsaf kamar da, sai dai babu mai kawo masa agogo.