Layin Malama

Shekarar da muka taso daga Argungu zuwa sabuwar unguwa a Birnin Kebbi, layinmu bai da suna. In ka hau kabu-kabu sai ka yi ta nuni da hannu: bayan injin casar shinkafa, kusa da darbejiya ta uku.

Wata safiya ina tsince shinkafa na ji a rediyo cewa wani birni mai nisa ya sauya wa titi suna, ya sa sunan wata malamar makaranta ta wata ƙasar, wadda aka ɗaure don ta nemi a bar mutane su zaɓi shugabanninsu. Na yini ina tunaninta. Ko ɗakin da take ciki yana da taga? Kafin la'asar na samo katako da ragowar shuɗin fentin ƙofarmu, na rubuta sunanta, na kafa a bakin layi. Harafin ƙarshe ya ɗan zube, don wuri ya ƙare mini.

Washegari mai unguwa ya aiko a kira ni. Kakata ta ce ba zan tafi ni kaɗai ba, ta yafa mayafi ta biyo ni. Muka tarar an ciro allona, yana jingine gefen tabarmarsa.

"Ɗiyata, wagga mata ɗiyar wane gida ce?" in ji shi.

Na ce, "Baba, ba 'yar ƙasar nan ba ce."

"To mi ta yi muna?"

Na ba shi labarinta cikin fargaba, don na ga alamar allon zai ƙare a murhu. Ya shafa gemu. Sai kakata ta gyara zama.

"Malam, ni ba wannan ad damuwata ba. Mace mai karantarwa, mai shekaru, a kafa sunanta tsirara bisa hanya? Kowane ɗan kabu-kabu shi riƙa kwala mata kira? Ko takwara aka yi wa babba cikin gida, ai sakaya sunan ake."

Mai unguwa ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Hajiya, ke da kika zo ceto, ke ce kika ƙara mata laifi!"

"Gyara nika yi. A ce Layin Malama, kowa ya huta."

Na so in yi musu, in ce ai don a riƙa faɗin sunan ake sa shi. Amma na ga yadda kakata ta riƙe martabar matar da ba ta taɓa gani ba kamar ta ƙanwarta, sai na haƙura.

Mai unguwa ya miƙo mini allon. "Juya bayansa ki rubuta. Nata sunan shi tsaya ciki, yana kallon bango."

Da yamma na kafa shi. Kakata na tsaye tana ba ni umarni in ɗaga shi sama, kada awaki su goge Malama da ƙaho.