Fim Ɗin da Ya Ɓare Gyaɗar Gwaggo

A makarantar da nake koyarwa a Ƙanƙara, idan ana rabon kwamiti ba a tunawa da ni, amma duk malamar da za ta kai wayarta wurin masu turin fina-finai sai ta biyo ta teburina ta ce, "Wanne za mu sa?" Ni kuma sai in gyara zama kamar likita, in tambayi abin da ke damunta. Wadda mijinta ya yi tafiya in zaɓa mata na soyayya. Wadda surukarta ta zo kwana biyu ta zarce wata, in ba ta na faɗan 'yan Cana, ta huce a kan wasu. Na daɗe ina ganin babu gwana kamata a wannan fanni, har bazarar da Gwaggo ta aiko kirana.

Gwaggo yayar babana ce, tana zaune a wani ƙauye kusa da Tafoki. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata da duk suka yi aure, da auta namiji da ke makaranta, da gonar gyaɗa a bakin rafi. Wannan gona ita ce cinta, ita ce suturarta. Daminar da ta gabata ciwon gaɓoɓi ya kwantar da ita, ta makara da shuka, amfanin ya zo ba yabo ba fallasa. Sai ƙanin mijinta, wani Alhaji mai sanyin murya, ya tara dattawa ya ce tausayinta yake ji. In bana ma ruwan shuka ya wuce ta, zai karɓi gonar ya riƙe wa yaron. Dattawa suka ce wannan zumunci ne. Gwaggo kuwa ta san gonar da ta tafi riƙo wurin Alhaji ba ta sanin hanyar dawowa.

Abin da ya tsaya mata shi ne ɓarar iri. Gyaɗar iri ba a kai ta inji, don yana raba ƙwayar, kuma ba a ɓare ta da wuri don kada zafi ya kashe ta. Da hannu ake yi, dab da faɗuwar damina. A da matan unguwa ke taruwa su taya juna, yau gidan wannan gobe gidan waccan. To bana Alhaji ya kafa sola a kan rufinsa ya saya wa matarsa talabijin, wato Hajiya faccalar Gwaggo. Daga an gama abincin rana sai ka ga mata suna zarya can kamar ana rabon zakka. Gwaggo ta zauna da buhunanta da yatsun da ba sa lanƙwasuwa, ga shi an ce har an yi ruwa a garin Sabuwa.

Da na iso, ko ruwa ban gama sha ba ta ce, "Ɗiyata, an ce ke ce malamar wagga shashanci. To ki kawo naki shashancin nan gidan, shi hi nasu."

Raina ya ɗan sosu, amma na ji daɗi an san darajata. Dama na tsaya a Sheme an cika mini waya da duk abin da nake ji da shi. Na harbe-harbe kawai na ce kada a sa. A yankinmu ba a biyan kuɗi don a ji ƙarar bindiga.

Jawo matan bai yi wuya ba. Fina-finan gidan Hajiya ba su da yawa, an maimaita su har yara na riga 'yan wasan magana. Da aka ji sabo ya zo daga Ƙanƙara, tsakar gidan Gwaggo ya cika. Aka baza tabarmi a ƙarƙashin darbejiya, aka zube gyaɗa a tsakiya, na jingina wayar a jikin turmi.

Na fara da na soyayya, irin wanda ban taɓa ba wa wata ta dawo da ƙorafi ba. Farkonsa hannuwa na tafiya. Da aka zo inda aka raba yaron da yarinyar, sai na ji ƙas-ƙas ɗin ɓara ya ɗauke ɗif. Na waiwaya, kowace ta riƙe gyaɗa ɗaya a hannu kamar carbi, hawaye na zuba. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ja majina ta ce, "Uban yarinyag ga ba shi gamawa lahiya." Aka ce amin. Da yamma Gwaggo ta leƙa ƙwaryar tsaba ta dube ni, ni kuma na dubi darbejiya.

Washegari na ce a gwada barkwanci, tunda dariya ba ta hana aiki. Gaskiya ne, an yi ɓara sosai. Ɓawo ya taru tuli guda. Tsabar ce ba a gani ba, don abin ya koma hannu baka hannu ƙwarya, kuma mai dariya ba ta san tana tauna ba. Gwaggo ta ce da ta san walima za a yi da ta soya musu.

Na 'yan Cana kuwa ba na son tunawa. Duk naushin da jarumin ya kai, sai mata su matse gyaɗa da ƙarfinsu. Abin da muke gudu a inji shi muka samu a hannu, rabin irin ya rabe biyu. Yara kuma suka cika gidan suna tsalle suna shure-shure, har ɗaya ya kifar da furar da aka dama wa masu aiki.

A nan ne na yi abin da ya zubar mini da mutunci. Akwai wani fim na Turawa da nake ƙauna, wanda nake ajiye wa masu zurfin tunani. Wani mutum ne ke zaune a bakin taga yana kallon teku yana tuna matarsa. Na ce wannan ba kuka, ba dariya, ba naushi, hannu zai samu sukuni. Muka zauna. Mutumin ya kalli teku. Ya sha shayi. Ya sake kallon teku. Can tsohuwa mai daddawa ta ce, "Malama, wanga bawan Allah ba shi da gona?" Kafin ya ƙare shayinsa na biyu rabin matan sun tuna sun bar tukunya a wuta, kuma duk tukwanen a gidan Hajiya suke.

Ran nan na ji kunya, na kuma ji tsoro. Iska ta fara sauyawa, da la'asar gabas kan yi duhu ta washe. Alhaji ya leƙo ya yi sallama, ya dubi buhunan da ke jingine ya ce, "Sannunku da ƙoƙari. Kada dai ki wahal da kanki, Yaya, mu mi amfaninmu?" Gwaggo ta ce ta gode. Bayan fitarsa na ga tana ƙoƙarin fasa gyaɗa da haƙori, don yatsun sun ƙi.

Abin da ya rage a wayar shi ne wanda na fi rainawa, wani dogon fim ɗin Indiya mai kashi-kashi da aka yi wa fassarar Hausa. Ban taɓa ba wa kowa shawarar kallonsa ba, ni ma ban kai ƙarshensa ba. Mai fassarar ba ya numfashi. Shi ne mace, shi ne namiji, shi ne doki. In an buɗe ƙofa sai ya ce an buɗe ƙofa, in ba a ce komai ba sai ya ƙirƙiro. Labarin wata mata ce da mijinta ya mutu, ƙanin mijin, wanda shi ne bos, wato mugun fim ɗin, yana neman raba ta da gidan. Wallahi tsawonsa na duba na kunna, ban yi tunanin komai ba.

Ba a yi nisa ba Gwaggo ta miƙa hannu ta ɗauke wayar daga jikin turmi, ta kifa ta a cikin ƙwarya. Mata suka yi caa, ba su gani.

"Mi za ku gani?" in ji ta. "Ba ga shi nan shina hwaɗa maku komi ba? Ku ba shi kunne, ku ba ni ido."

Ƙwaryar ta ƙara wa muryar kauri. Da babu abin kallo, idanu suka koma kan gyaɗa, hannuwa suka kama tafiya da kansu. Ni da nake taƙama da sanin fim, ban taɓa sanin akwai wanda ya fi kyau a kife ba. Buhu ya faɗi a ranar, wani ya bi shi washegari. Labari ya kai gidan sola cewa bos ya sayi alƙali, sai ga sauran mata sun dawo. Daga baya Hajiya da kanta ta shigo aron rariya. Ta tsaya a tsaye da rariyar a hannu har aka gama kashi guda, sannan ta ce ƙafarta na ciwo, ta zauna. Wanda ya zauna a tabarmar nan kuwa sai ya ɓare.

Matsalar ɗaya ce, duk ƙauyen a gidan Alhaji ake cajin waya. Ranar da ya rage buhu ɗaya, na je karɓowa da hantsi ya ce ai ga ta nan tun jiya a jone. Allah ya sani, ni ban ga lokacin da aka jona ta ba. Muna tsakiyar aiki bayan azahar, an kai inda bos ya zo da 'yan sanda ƙofar gidan matar, sai ƙwarya ta yi shiru. Na ɗago wayar, ta mutu murus. A gabas hadari ya haɗu baƙi ƙirin, wannan karon ba na wasa ba. Mata suka fara kakkaɓe zane, wata ta ce shanya, wata ta ce awaki.

Sai Gwaggo ta ce, "Ku zamna. Ni na san ƙarshenshi."

Matar da ko sau ɗaya ba ta kalli fim ba. Ta jawo ƙwaryar gabanta, ta shaƙe murya irin ta mai fassara, ta ɗora daga inda ya tsaya. 'Yan sanda suka koma, a cewarta, don matar ta ba su fura. Sai bos ya sake dabara, ya tara dattawan Indiya ya ce tausayin matar yake ji. Ashe matar tana da wata gona a bakin rafi.

"Gonar mi?" in ji mai daddawa, tana kallon ƙasa.

"Gyaɗa," in ji Gwaggo. "Indiya ma suna cin ƙuli."

Wata ta tuntsire ta toshe baki da mayafi. Gwaggo ba ta ko murmusa ba. Ta ce bos ɗin nan mutum ne mai sanyin murya, ba ya zagi, ba ya duka, sai dai ya ce mu mi amfaninmu. Ta ce har wani faranti ya kafa a kan rufinsa mai kama rana, don ya kama matan garin da shi. Ta faɗi yadda matar ke kwana tana lissafin abin da za ta ce wa ɗanta in ya dawo hutu ya tarar gonar ubansa a hannun wani. A nan muryar mai fassara ta suɓuce mata, tata ta fito, ta ɗan tsaya ta gyara. Babu wadda ta yi dariya a wurin. Ƙas-ƙas kawai kake ji kamar ana yayyafi a kan kwano. Na saci kallon Hajiya. Kanta na ƙasa, kunnuwanta sun ji komai, hannunta kuwa ya fi na kowa sauri.

"To ya ta ƙare?" wata ta tambaya.

Gwaggo ta nuna sauran tulin da haɓa. "Ƙarshen shina ƙarƙashin wanga. In kun kai ƙasa kun gane shi."

Aka kai ƙasa iska na ɗaga tabarmi. Gwaggo ta ɗaure bakin buhu ta ce, "Ta shuka." Shi ke nan ƙarshen, babu waƙa babu rawa. Hajiya ce ta tashi daga baya. Ta juye ƙwaryarta a kwando ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Yaya, in za ki sake ba da fim ɗin ga, ki sa cewa matar bos ta hi kowa ɓara." Ta tafi ta bar rariyar.

Ruwa ya sauka kafin magariba, mai yawa. Da safe surukan Gwaggo suka zo da sungumi, muka bi su muna jefa iri muna rufewa da ƙafa. Alhaji ya wuce a kan babur ya ce Allah ya ba da damina mai albarka, da fuskar wanda ya tauna maɗaci. Muka ce amin da ƙarfi.

Da na koma Ƙanƙara na yi caji na kalli sauran. Ba haka ya ƙare ba. An fitar da matar daga gidan, ta yi waƙa a tashar jirgin ƙasa, sai da jaririnta ya girma ya yi gashin baki sannan ya dawo ya rama mata, ita kuwa lokacin ta makance. Har yau in malamai suka tambaye ni wanda ya fi, shi nake faɗa, in ce a kife wayar, kuma a kashe daga inda 'yan sanda suka zo. Suna ɗauka wasa nake.

Da kaka na je taya Gwaggo tsinkar gyaɗa. Muna zaune a bakin rafi ta ce, "Wai ni matag ga ta cikin ƙwarya, ya ta ƙare da gaske?"

Na so in yi mata ƙarya, ban iya ba. Na ce an karɓe gidan.

Ta daɗe tana kakkaɓe ƙasa daga saiwa. Sannan ta ce, "Duk tsawon hwaɗan nan, akwai matan da ke zuwa su zamna mata?"

Na yi tunani, na ce babu. Ita kaɗai ake nunawa.

"Allah sarki," in ji Gwaggo. "Da ta aiko."